Awa 60 a Bethlehem: yadda aikin sa kai ya kai ɗalibai gaban alƙali

Garin Bethlehem na jihar Pennsylvania a Amurka yana da manyan makarantun sakandaren gwamnati guda biyu. Ɗaya sunanta Liberty, ɗayar kuma Freedom. In ka juya sunayen nan zuwa Hausa, kalma ɗaya za su ba ka, wato 'yanci. To, daga waɗannan makarantu ne a farkon shekarun 1990 wasu ɗalibai da iyayensu suka maka hukumar makarantu a kotu, suna cewa an mai da yara bayi.

Garin ba babba ba ne, mutanensa a lokacin sun ɗan haura 70,000. Kiristoci 'yan ɗariƙar Moravia ne suka kafa shi a 1741, suka raɗa masa sunan Baitalami, mahaifar Annabi Isa (AS). Abin da duniya ta san shi da shi kuwa ƙarfe ne. Kamfanin Bethlehem Steel, wanda ƙarfensa ya gina gadar Golden Gate, shi ne uwa shi ne uba a garin. Amma a 1990 kamfanin ya riga ya kama hanyar durƙushewa, ana ta rage ma'aikata, kuma a 1995 aka kashe wutar narkar da ƙarfe a garin baki ɗaya.

A ranar 30 ga Afrilu, 1990, hukumar makarantun gundumar ta zartar da wata ƙa'ida. Duk ɗalibin sakandaren gwamnati, in ban da masu buƙata ta musamman, sai ya yi wa al'umma aiki na awa 60 ba tare da an biya shi ko sisi ba, cikin shekara huɗun da zai yi a makarantar. Ba a lokacin darasi ba: sai bayan an tashi, ko a ƙarshen mako, ko a dogon hutu. Hukumar ta fitar da jerin ƙungiyoyi fiye da 70 da ta amince yaro ya je ya yi musu aiki, kuma wanda yake da wani wurin na daban yana iya kawowa a duba. In ya gama, ya cike fom ya bayyana abin da ya yi da abin da ya koya. Wanda bai yi ba, ko da shi ne na ɗaya a lissafi da kimiyya, ba shi ba takardar shaidar kammala sakandare.

Ka yi lissafin da kanka. Awa 60 a shekara huɗu, awa 15 ke nan a shekara, ko minti 20 ba ta cika ba a mako. Rigimar ba ta nauyin aiki ba ce.

Abin da dokar ta tarar

Kafin hukuma ta sa baki, makarantun Amurka suna da tsohuwar hanyarsu ta saka yara cikin hidimar jama'a, ita ce kulob. Ɗaya daga cikin mafiya tsufa a cikinsu shi ne Key Club. An kafa shi a 1925 a wata sakandare ta birnin Sacramento a Kaliforniya, da yara maza 11. Albert Olney da Frank Vincent, jami'an ilimi kuma 'yan ƙungiyar manya ta Kiwanis, su ne suka kawo shawarar. Sun nemi yaran da ake jin maganarsu a makaranta, suka ce su ne mabuɗi, wato key da Turanci, daga nan sunan ya samo asali. Sai a shekarun 1970 aka fara karɓar 'yan mata. Ƙungiyar Lions ta kafa nata, Leo, a 1957 a makarantar Abington, nan cikin Pennsylvania ɗin dai. Rotary kuma ta biyo baya da Interact a 1962 a garin Melbourne na Florida, na 'yan shekara 12 zuwa 18, kuma ana bukatar kowane reshe ya yi aƙalla ayyuka biyu a shekara, ɗaya na gida ɗaya na fahimtar juna tsakanin ƙasashe. Interact da Leo har a wasu makarantun Najeriya akwai su.

Abin da ya fi burge ni a tsarin Key Club shi ne yaran ke riƙe da ragamar. Su ke zaɓen shugaba da sakatare da ma'aji. Rassa da dama su haɗu su zaɓi mataimakin gwamna, gundumomi su zaɓi gwamna, kuma shugaban ƙungiyar na duniya shi ma ɗan sakandare ne da 'yan uwansa suka zaɓa a babban taro. Manya biyu kawai ke tsaye a gefe, malami ɗaya daga makaranta da wakili ɗaya daga Kiwanis. Taron mako-mako ba wani abin azo-a-gani ba ne. A shiga aji bayan tashi, shugaba ya buɗe taro, a karanta alƙawarin ƙungiya, sakatariya ta miƙa takarda tana zagayawa: ranar Asabar ana buƙatar mutum takwas a wurin rabon abinci ga mabuƙata, ranar Laraba mutum huɗu su koya wa 'yan firamare karatu, akwai sharar bakin rafi, akwai ziyarar gidan tsofaffi. Kowa ya sa sunansa inda ransa ya kwanta. Sau da yawa ma ba aikin ne ke jan yaro ba, ganin sunan abokinsa ne a takardar.

Daga irin waɗannan ƙananan ayyuka ake tara abin da ke ƙetare teku. 'Yan Key Club sun daɗe suna tara wa UNICEF kuɗi, kuma da Kiwanis ta ƙaddamar da yaƙi da tetanas na mata masu haihuwa da jarirai a 2010, da burin tara dala miliyan 110, yaran sun sa hannu. Cutar nan da ke shiga ta cibiyar jariri in an yanke ta da abu marar tsabta, ta sandare masa jiki ya kasa kama nono, ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A 2016 aka tabbatar Nijar ta shawo kanta, Chadi kuma a 2019.

Ga wani abu da za a riƙe, don zai dawo a gaba. Key Club na son kowane ɗan ƙungiya ya yi awa 50 a shekara, kuma sakatare na rubuta awannin yana aikawa sama. Awa 200 ke nan a shekara huɗu, ya ninka na hukumar Bethlehem fiye da sau uku. Ba wanda ya taɓa kai Key Club kotu a kan haka.

Me ya sa hukumar ba ta bar abin a hannun kulob ba? Saboda kulob na ɗibar waɗanda dama a shirye suke. Yaron da iyayensa ke aikin sa kai a coci ko a unguwa, wanda ya yi sikawut tun yana ƙarami, wanda ke harin babbar jami'a, shi ke shiga. Mafi yawan ɗalibai kuwa har su gama ba su taɓa leƙa ɗakin taron ba. Su hukumar ke hange. Kuma iskar lokacin ma ta wannan ɓangaren take kaɗawa. Shugaba George Bush na farko yana ta yabon 'yan sa kai yana kwatanta su da fitilu dubu, ya sa hannu kan dokar hidimar ƙasa da al'umma a 1990, sannan Bill Clinton ya kafa AmeriCorps, shirin gwamnatin tarayya na yi wa al'umma hidima, a 1993. Tunanin masu tsarin shi ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Waɗanda suka ce a'a

Da a ce malalatan yara ne suka kai ƙara, da labarin bai kai a tsaya rubuta shi ba. Ɗalibar da shari'ar ta ɗauki sunan gidansu, Steirer, 'yar makarantar Liberty, ta daɗe tana aikin sa kai kafin a yi dokar. Tana cikin sikawut na mata, tana kuma taimakawa a shirin Meals on Wheels, wanda ke kai wa tsofaffi da marasa lafiya dafaffen abinci har gida. Wanda ya san wannan aikin ya san abincin rabin abin ne. Za ka ƙwanƙwasa ƙofa, ka jira tsohuwa ta lallaɓo da sandarta, ka ajiye mata kwanon a tebur, ta riƙe ka da hira don wataƙila kai ne fuska ɗaya tilo da za ta gani ranar. In ka ƙwanƙwasa ba a amsa ba, kai ne za ka kai rahoto a zo a duba. Awannin da yarinyar ta yi sun wuce 60 nesa ba kusa ba. Abin da ya rage mata kawai ta rubuta su a fom, a sa mata hannu, ta miƙa. Ta ce ba za ta rubuta ba.

Hujjarta da ta iyayenta ita ce, abin da ta yi don ranta ya so, in ta miƙa shi a matsayin kuɗin fansar takardarta, ya tashi daga kyauta ya koma biyan bashi. Wannan magana ba ta yi wa kunnen Bahaushe nisa. Cikin mutum bakwai da hadisi ya ce za su shiga inuwar Al'arshi akwai wanda ya yi sadaka ya ɓoye, har hagunsa bai san abin da damansa ya bayar ba. Kusan da wannan lafazin maganar ta zo a Linjilar Matiyu, wadda waɗanda suka kafa garin Bethlehem ke karantawa. Fom ɗin hukuma kuwa hagu da dama duka yake so su sani, da kwanan wata, da adadin awa, da sa hannun mai kula.

Sai dai kotu ba ta shari'ar niyya. Dole lauyoyi su nemo inda kundin tsarin mulkin Amurka ya hana abin, suka kuwa kama wurare biyu.

Na farko shi ne gyara na 13, wanda aka yi a 1865 bayan yaƙin basasa, ya haramta bauta da aikin tilas sai ga wanda kotu ta yanke wa hukunci. Suka ce ga aiki, ba lada, ba a tambayi yardar yaro ba, kuma in ya ƙi a hana shi takardar da rayuwarsa ta gaba ta rataya a kanta. Mene ne wannan in ba aikin tilas ba?

Na biyu shi ne gyara na 1, mai kare 'yancin faɗin albarkacin baki, wanda ya haɗa da 'yancin yin shiru. A 1943 Kotun Ƙoli ta ce ba a tilasta wa 'ya'yan Shaidun Jehobah su sara wa tuta a makaranta. A 1977 ta ce jihar New Hampshire ba za ta hukunta mutumin da ya rufe taken jihar da ke jikin lambar motarsa ba. Masu ƙara suka ce haka ma wannan: tura yaro ya yi hidima tamkar sa shi ne ya furta da jikinsa cewa ya yi imani da aƙidar fifita wasu a kan kai, alhali ba ruwan gwamnati da abin da ke zuciyarsa.

Abin da kotu ta ce

Kotun tarayya ta farko ta ba hukumar makarantu gaskiya a 1992. Aka ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ke Philadelphia, ita ma a watan Maris na 1993 ta tabbatar da hukuncin, Mai Shari'a Dolores Sloviter ce ta rubuta. A watan Oktoba na shekarar Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren maganar, shari'a ta ƙare ke nan.

A kan batun bauta, akwai ma'aunin da Kotun Ƙoli ta riga ta ajiye a 1988, a shari'ar Kozminski. Wasu mutum biyu ne masu raunin hankali aka tsare a gonar shanu a Michigan, suna aiki kwana bakwai a mako, wani lokaci awa 17 a rana, daga baya ma ba biya, ga duka ga barazana. A can kotu ta ce aikin tilas da kundi ke nufi shi ne wanda aka sa mutum da ƙarfin tsiya, ko barazanar cutar da jikinsa, ko barazanar ɗauri. Ɗalibin Bethlehem ba mai dukansa, ba mai kulle shi. Shi ke zaɓen inda zai je da ranar da zai je. Kuma alƙalan suka ce an tsara shirin ne da farko don ilimin shi ɗalibin, ko da wasu sun amfana. A ganinsu, kwatanta wannan da abin da aka yi wa bayin da aka kwaso daga Afirka ba shi da tushe ko a zahiri ko a hankalce.

Akwai wata tsohuwar shari'a da ake jawowa duk lokacin da irin wannan magana ta taso, ta Butler da Perry, ta 1916. Jihar Florida na da dokar da ta ce duk namiji lafiyayye daga shekara 21 zuwa 45 sai ya yi aikin hanya da gada kwana shida a shekara, awa goma kowace rana, ko ya biya dala 3, ko ya kawo wanda zai yi a madadinsa. Kotun Ƙoli ta ce wannan hakkin ƙasa ne a kan ɗan ƙasa, kamar aikin soja ko zaman taya alƙali shari'a. Shida sau goma, awa 60 ke nan, daidai da na Bethlehem, sai dai na Florida kowace shekara ne. Na daɗe ina mamakin wannan dacewar.

A kan gyara na 1 kuma, kotun ta ce sara wa tuta magana ce, kowa ya gani ya san abin da ake nufi. Amma wanda ya ga yarinya tana jera gwangwanayen abinci a rumbun mabuƙata ba zai ɗauka tana shelar wata aƙida ba ce, zai fi zaton aikin makaranta take yi. Ba a kuma ce sai ta yabi shirin kafin ta ci ba. Tana iya cike fom ɗin ta rubuta cewa ɓata lokaci ne, a ba ta makinta.

Da aka zo yaye 'yan ajinsu a 1994, yarinyar tana nan a kan bakanta, hukumar ma haka. Ba a ba ta takardar ba.

A ganina kotu ta yi daidai. Wanda kakanninsa suka ba shi labarin ɗiban gwamna, lokacin da Turawa ke kwasar maza daga ƙauyuka zuwa haƙar kuza a Jos a shekarun yaƙin duniya na biyu, ko aikin dole da Faransa ta ɗora wa mutanen Nijar har sai da aka soke shi a 1946, ba zai yarda a kira awa 15 a shekara a ɗakin karatu bauta ba. Amma rashin nasara a kotu bai nuna yarinyar shirme take ba. An tambayi kotu ko bauta ce, ta ce a'a. Ba a tambaye ta ko dabara ce mai kyau ba.

Mu nan ma, in za a faɗi gaskiya, bakinmu ya riga ya yanke hukunci. Shirin da Janar Yakubu Gowon ya kafa a 1973 na tura waɗanda suka gama jami'a su yi wa ƙasa hidima shekara guda, me muke kiransa? Bautar ƙasa. Kalmar da lauyoyin Bethlehem suka yi shekara uku suna ƙoƙarin liƙa wa hukuma, mu da ita muke kiran namu ba ko ɗar. Na kuma ga yadda abin yake daga ciki. A lokacin tawa bautar, rana guda a mako ta hidimar al'umma ce. Mukan taru a harabar sakatariyar ƙaramar hukuma cikin kakinmu, kowa idonsa na kan littafi ɗaya, rajistar sa hannu, don in babu sunanka a ciki alawus ɗin wata na iya maƙalewa. Ana gama sa hannu sai ka ga wuri ya yi fayau, wannan ya hau acaɓa, waccan ta ce kanta na ciwo. Amma a cikinmu akwai wata da tsarin ya jefa cikin rukunin masu zuwa asibiti ba da son ranta ba, makon farko tana toshe hanci da gyale. Kafin shekara ta ƙare ita ke zuwa ranar da ba tamu ba, ta san sunan kowace mai jinya a ɗakin mata. Rajista ɗaya ce ta kawo mu duka.

Bayan Bethlehem

Hukuncin ya zama madogara. Wasu iyaye a Rye Neck ta jihar New York sun ƙalubalanci awa 40, wasu a Chapel Hill ta North Carolina suka ƙalubalanci awa 50. Su sun ƙara da wata hujjar, cewa tarbiyyar ɗabi'a hakkin iyaye ce, ba ta hukuma ba. Duka biyun sun faɗi a kotunan ɗaukaka ƙara a 1996. Jihar Maryland kuwa tun 1992 ta zama ta farko da ta ɗora wa ɗalibanta gaba ɗaya awa 75, bayan fafutukar da Kathleen Kennedy Townsend, 'yar Robert Kennedy, ta jagoranta, kuma 'yan ajin 1997 ne suka fara fita ƙarƙashin dokar. Birnin Washington ya sa awa 100. Lardin Ontario na Kanada ya sa 40 a 1999.

Yawaitar waɗannan dokoki ta ba masu bincike damar gwada tambayar da kotu ta tsallake: yaron da aka tilasta wa, yana ci gaba bayan an sake shi?

Amsar ta rabu, kuma inda ta rabu ne ke da daɗin dubawa. Edward Metz da James Youniss sun bi ɗaliban wata sakandare kusa da Boston kafin a sa dokar awa 40 da bayan an sa. Suka ga waɗanda dama masu son hidima ne, dokar ba ta ƙara musu komai ba. Waɗanda ba ruwansu da ita ne suka canza, niyyarsu ta yin zaɓe da shiga harkokin jama'a ta ƙaru. Wannan shi ne abin da hukumar Bethlehem ta yi fata. A ɗaya ɓangaren, Arthur Stukas da Mark Snyder da Gil Clary sun buga wani bincike a 1999 kan ɗaliban jami'a a Minnesota da aka wajabta wa awa 40. A al'ada, wanda ya saba aikin sa kai shi ya fi niyyar ci gaba. Amma a wurin waɗanda suka ji cewa ƙarfi aka yi musu, sabon da suka yi a baya bai ƙara tasiri kamar da ba. Wannan kuma kukan yarinyar Liberty ke nan, an fassara shi zuwa alƙaluma.

Sai binciken Sara Helms na 2013 a kan Maryland. Ta gano cewa bayan dokar, aikin sa kai ya ƙaru a tsakanin 'yan aji takwas, wato masu shirin shiga babbar sakandare, amma ya ragu a tsakanin 'yan ajin ƙarshe idan aka gwada su da takwarorinsu na wasu jihohi. Abin da ya fi kama da dalili shi ne yara sun ɗauki 75 a matsayin iyaka. Su cika ta da wuri, su karkaɗe hannu. An ce musu ga adadin da ake bin ku, suka biya suka karɓi rasit. A Ontario kuma, inda sauyin tsarin karatu ya sa rukuni biyu suka shiga jami'a tare a 2003, ɗaya da dokar ta hau kansa ɗaya da ba ta hau ba, masu bincike ba su ga dokar ta kashe wa yara sha'awa ba. Abin da ya fi tasiri a can shi ne ko yaron ya daɗe a wuri ɗaya yana aikin, kuma ko ya ji daɗinsa.

A nan ne nake komawa kan awa 50 na Key Club. Kulob ma yana ƙirga awa, har ya fi hukuma tsanani. Kuma kada a ɗauka duk ɗan kulob don Allah yake yi. Jami'o'in Amurka na duba hidimar da yaro ya yi kafin su ba shi gurbi ko tallafin karatu, don haka da yawa don tuwon gobe suke wanke tukunya. Abin ya yi yawa har a 2016 wani rahoto daga tsangayar ilimi ta jami'ar Harvard, wanda jami'an ɗaukar ɗalibai da dama suka mara wa baya, ya nemi a daina ruɗuwa da dogon jerin ayyuka, a duba wanda ya lizimci abu ɗaya na tsawon lokaci, a kuma lissafa wa yaro rainon ƙannensa ko aikin da yake yi don tallafa wa gidansu. Ke nan bambancin kulob da doka ba a tsarkin zuciya yake ba. Ɗan kulob da ƙafarsa ya shiga, da abokansa yake zuwa, su suka zaɓi aikin, kuma in bai zo ba wanda zai tambaye shi sa'ansa ne da ya ɗauki kayan shi kaɗai. Haka gayya take a ƙauye. Ba dagaci ke rubuta sunan wanda bai zo noman gonar tsoho ba, amma kowa ya san wanda bai zo ba, ga kiɗa ga fura, kuma gobe gonarka ce. Ɗalibin doka kuwa sau da yawa shi kaɗai ne da jerin lambobin waya da fom.

Akwai wani ɓangaren da shari'ar ba ta taɓo sosai ba, ni kuwa shi ya fi damuna. Awa 60 ba nauyinsu ɗaya a kan kowa ba. Yaron da uwarsa ke da mota da lokaci, a kai shi a ɗauko shi. A garin da uba ya rasa aikin ƙarfe, akwai yaron da in an tashi makaranta kanti yake wucewa ya yi aikin kuɗi, akwai yarinyar da ke tsare ƙannenta har uwa ta dawo daga aikin dare. Wannan yarinyar hidima take yi kullum, amma irin wadda ba ƙungiyar da za ta buga mata hatimi. Su ma ƙungiyoyin da ake tura yaran suna da nasu kukan. Yaron da ya zo don ya cike awa sai an koya masa aiki, an sa masa ido, kuma ranar da lissafinsa ya cika ba a ƙara ganinsa. Shi ya sa a ƙarshen shekarar karatu za ka ga 'yan ajin ƙarshe suna rububin kowane irin aiki, liƙa ambulan ne ko jera kujeru, da biro a hannu suna neman mai sa hannu. Gundumomin Maryland da dama sun kauce wa wannan ta hanyar cusa awannin cikin darussa, aji guda ya yi aikin tare da malaminsa a lokacin makaranta. Matsalar mota ta kau, amma zaɓin yaro ma ya kau tare da ita.

Bethlehem ta ci gaba da tsarinta na awa 60 shekaru da dama bayan shari'ar, kuma dubban yara sun cike fom ɗin sun karɓi takardunsu ba tare da wata hayaniya ba. A 2023 gwamnar Arkansas, Sarah Huckabee Sanders, ta sa hannu kan dokar ilimi da ta wajabta awa 75 ga ɗaliban sakandaren gwamnatin jihar. 'Yan ajin da za su fita a 2027 ne na farko da za a nemi fom ɗinsu.